An Yi Wa Yaro Aikin Zuciya An Dawo Gida, To Wa Ke Bibiyarsa?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman iyaye da masu haɗa gudummawar marasa lafiya a nan Facebook.

Duk wanda ya daɗe a dandalin nan ya san yadda abin yake tafiya. Za a saka hoton yaro, leɓɓansa sun yi duhu, yana numfashi sama-sama. A rubuta cewa likitoci sun ce da matsalar zuciya aka haife shi, sai an kai shi Indiya ko Legas ko Abuja, kuɗin aiki miliyan kaza, ga lambar asusu. Jama'a su yi ta turawa, mai dubu ɗaya, mai dubu biyar, wani bawan Allah ya cike abin da ya rage. Bayan wata biyu sai ga sabon hoto, yaro a gadon asibiti da filasta a ƙirji yana murmushi. A rubuta: Alhamdulillahi, an yi aiki cikin nasara. Mu yi addu'a, mu ji daɗi, mu wuce labari na gaba.

Wannan taimako alheri ne babba, Allah Ya saka wa masu yi da mafificinsa. Amma ina da tambaya. Yaran da muka yi wa karo-karo shekara biyar ko takwas da suka wuce, suna ina yanzu? Yaushe rabon da likita ya ɗora na'ura a ƙirjinsu ya duba ɗinkin da aka yi? Ra'ayina shi ne, a ciwon zuciya mai sarƙaƙiya da ake haihuwar yaro da shi, tiyata rabin aiki ce. Abin da ke kai yaron shekara talatin ko arba'in, da yardar Allah, shi ne bibiyar da ake yi masa bayan sallama. Kuma wannan rabin ne mu a Kano ta Kudu ba mu yi masa tanadin komai ba.

Bari mu fara da girman matsalar. A duniya, cikin jarirai 1,000 da ake haifa, kimanin 8 zuwa 9 suna zuwa da wata tawaya a halittar zuciya. A Najeriya ana haihuwar sama da jarirai miliyan 7 a shekara. Ku yi lissafi da kanku, za ku ga muna maganar jarirai kusan dubu 60 duk shekara. Ba dukansu ne ke buƙatar wuƙa ba. Wani ƙaramin huji ne da ke toshewa da kansa kafin yaro ya shiga makaranta. Wani hujin kuma in aka toshe shi da wuri, yaro ya yi rayuwarsa kusan kamar kowa. Amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu masu tsanani ne, sai an taɓa su tun a shekarar farko. A kan irin waɗannan nake magana.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, ɓangaren hagu ya karɓa ya tura wa jiki. Tsakanin ɗakunan da bakin manyan jijiyoyi akwai bawul-bawul masu hana jini komawa baya, irin aikin da bawul yake yi a injin ban-ruwan da manoman rani ke amfani da shi a bakin Tiga. A ciwo mai sarƙaƙiya, tsarin ginin ne gaba ɗaya ya sauya. Akwai wanda likitoci ke kira da sunan Fallot, wani likitan Faransa da ya yi bayaninsa a 1888: matsala huɗu a zuciya ɗaya, ciki har da babban huji da tsukewar hanyar da ke kai jini huhu. Shi ne za ka ga yaro yana wasa sai ya tsaya ya tsuguna, leɓɓa da farata sun yi duhu. Akwai wanda manyan jijiyoyin biyu suka yi musayar wuri, ta huhu ta fito daga inda ta jiki ya kamata ta fito. Akwai kuma wanda ɗaki ɗaya ne kacal yake iya tura jini maimakon biyu.

Shekara tamanin da 'yan kai da suka wuce, babu abin da likita zai iya yi wa irin waɗannan yara ko a Turai. A watan Nuwamba na 1944 ne aka yi aikin farko a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, inda Alfred Blalock da Helen Taussig suka buɗe wa jini wata hanya ta daban zuwa huhu. Wanda ya ƙware a dabarar aikin a ɗakin gwaji, har ya tsaya a bayan likitan yana yi masa jagora a ranar, wani baƙar fata ne mai suna Vivien Thomas wanda bai yi karatun likita ba. A 1953 John Gibbon ya yi nasarar amfani da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu yayin da ake tiyata. A 1954 Walton Lillehei ya yi cikakken gyaran ciwon Fallot na farko. A 1968 Francis Fontan a Faransa ya fito da aikin da ake yi wa masu ɗaki ɗaya. A 1975 Adib Jatene a Burazil ya yi nasarar mayar da jijiyoyin da suka yi musaya wurarensu.

Na kawo wannan tarihi ne don dalili guda. Yaran da aka yi wa aiki a waɗancan shekarun yanzu wasu kakanni ne, kuma likitocin can ba su sake su ba, sun yi ta bin su suna rubutawa. Don haka yau an san abin da ke faruwa da zuciyar da aka gyara bayan shekara ashirin da talatin.

Labari mai daɗi da farko. A ƙasashen da suka ci gaba, sama da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa da tawayar zuciya suna kai wa girma. A lardin Kebek na Kanada, zuwa shekarar 2010, kashi biyu cikin uku na masu ɗauke da wannan lalura manya ne ba yara ba. Wani bincike da asibitin Mayo na Amurka ya fitar a 1993 ya nuna cewa cikin waɗanda suka tsallake aikin gyaran ciwon Fallot, kashi 86 cikin 100 suna raye bayan shekara 32. Sun yi karatu, sun yi aiki, sun yi aure, sun haihu. Saboda haka duk mai cewa yaron da aka buɗe wa ƙirji ba ya nisan kwana, bai san abin da yake faɗa ba.

Sai ɗaya fuskar. Asibitin na Mayo ya sake fitar da sakamako a 2015 a kan mutum sama da 1,000 da aka yi wa aikin Fontan tun daga 1973. Bayan shekara 10, kashi 74 ke raye. Bayan shekara 20, kashi 61. Bayan shekara 30, kashi 43. Waɗanda aka yi wa aikin a shekarun baya-bayan nan sun fi haka samun sauƙi sosai, domin an inganta dabarar. Amma ku lura da abin da alƙaluman ke nunawa: haɗarin bai ƙare a ɗakin tiyata ba, yana biye da mutum shekara da shekaru. Kuma wannan a Amurka ke nan, inda likita ke kusa.

Me ke faruwa a cikin ƙirjin? A gyaran ciwon Fallot, sau da yawa dole likita ya faɗaɗa hanyar huhu, sai bawul ɗin wajen ya riƙa yoyo. Yaro ba ya jin komai. Yana gudu, yana ƙwallo, yana noma. A hankali ɗakin dama yana ta buɗewa yana kumbura, shekara goma, sha biyar, ashirin. In ana duba shi, likita zai ga lokacin da ya kamata a sauya bawul ɗin kafin tsokar zuciya ta gaji. In ba a dubawa, alamar farko tana iya zama rikicewar bugun zuciya, saurayi ya yanke jiki ya faɗi, mu ce mutuwar farat ɗaya. Wasu yaran kuma bututu ake saka musu. Yaro yana girma, bututu ba ya girma, dole wata rana a sauya. Wasu aikin da aka yi musu matakin farko ne kawai cikin biyu ko uku, an yi shi ne don a sayi lokaci. Masu aikin Fontan kuwa hanta ce ke ɗaukar nauyin, saboda jini yana taruwa a bayansa, ga barazanar daskarewar jini, ga kumburin jiki. Duk waɗannan ana iya rage musu kaifi in an gano da wuri.

Misalin da kowa ya sani shi ne Nwankwo Kanu. Nasa ma bai kai waɗannan sarƙaƙiya ba, bawul ɗaya ne. Bayan ya ciyo mana zinare a Atlanta a 1996, gwajin lafiya a ƙungiyar Inter Milan ya gano matsalar, aka yi masa aiki a Amurka a shekarar. Ya dawo ya taka leda a Arsenal, ya sake zama gwarzon Afirka a 1999, ya ci ƙwallon da ta ba Portsmouth kofi a 2008. Amma a 2014 sai da aka sake yi masa aiki a zuciyar. Shekara 18 tsakani. Mutum mai kuɗi, mai ƙarfin jiki, mai likitoci a kusa, bai tsira daga komawa ba. Abin da ya taimake shi, bayan ikon Allah, shi ne ana duba shi. To ina ga yarinyar da aka yi wa gyara huɗu a zuciya ɗaya aka dawo da ita Badafi?

Mu dawo gida mu kalli gaskiyar lamarinmu. Ƙwararrun likitocin zuciyar yara da na'urar hoton zuciya, wadda suke kira eko, a birni suke, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko kuma a Shika ta Zariya. Uba daga Badafi sai ya fito titi ya nemi mota a Kwanar Dangora. Wanda ke Riruwai sai ya keto dajin Falgore ya biyo ta Tudun Wada, ya yi sammako, wataƙila ma ya kwana a Kano. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa ya zama abin da sai an sayar da tiya-tiyar masara. Ga kuɗin hoto, ga na magani, ga abinci. In ranar ganin likita ta faɗo tsakiyar damina, ga gona na jira, ga yaro yana ta wasansa lafiya ƙalau, wallahi ko ni ne sai na yi tunani biyu. Uban nan ba sakaci ne da shi ba. Ya riga ya sayar da saniya ko fili a lokacin aiki, kuma kowa ya gaya masa yaro ya warke. Mu ne muka gaya masa, da hotonmu da rubutunmu.

Akwai kuma wani abin da ya sa yaranmu suka fi na Turai buƙatar bibiya. Su can ana gano ciwon tun a ciki ko a makon haihuwa, a yi aiki cikin watannin farko. Mu a nan jariri zai yi ta gumi in yana shan nono, ya sha kaɗan ya saki yana haki, ba ya ƙiba, yau limoniya gobe limoniya. A ce shawara ce, a ce iska ce, a ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Kafin a kai ga likitan da zai gane, a haɗa kuɗi, a samu biza, yaro ya kai shekara biyar ko bakwai. Duk tsawon wannan lokacin zuciya da huhu suna wahala. Babban hujin da aka bari ya daɗe yana lalata jijiyoyin huhu, har ya kai matakin da likita zai ce aiki ba zai yiwu ba kuma. Wanda aka samu aka yi masa a makare, ya dawo da tabon da ba a gani a fata. Shi ya fi kowa buƙatar ido, shi ne kuma ya fi kowa nisa da likita.

Na san wani gida a yankinmu da aka kai 'yarsu ƙasar waje aka yi mata aiki tana ƙarama. Shekaru bayan haka ta fara kumburin ƙafa, aka kai ta wani asibiti. Likita ya tambayi wane irin aiki aka yi mata. Uba ya ce aikin zuciya. Likita ya ce wane iri? Shiru. Ina takardun sallama? An ajiye su a ƙasan akwati, ruwan sama da gara sun gama da su. Ƙungiyar da ta kai su ta daɗe da watsewa, lambar wayar da aka ba su ba ta shiga. Haka likitan nan ya koma lalube a kan abin da takarda ɗaya za ta warware masa cikin minti biyar.

Ga wurare huɗu da na ga muna asarar waɗannan yara bayan an sha wahalar ceto su.

Na farko, zazzaɓi. Zuciyar da aka yi wa faci ko aka saka wa bawul ko bututu tana saurin kama ƙwayoyin cuta in suka shiga jini, su zauna a kan ɗinkin su yi ta cin wajen. Babbar ƙofar shigarsu ita ce baki: ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini. Sai kuma duk abin da ke huda fata da ƙarfen da ba a tsabtace ba, cire belu, tsaga, ƙaho, cire haƙori a kasuwa. Mu kuma kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifot, sai a je kemis a haɗo magani. Yaron da aka yi wa aikin zuciya in zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwana biyu ko uku, asibiti za a kai shi, a gaya wa likita tarihinsa, a ɗebi jini a gwada kafin a fara ɗura masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta. In an riga an ba shi, gwajin yana iya ƙin nuna komai.

Na biyu, maganin tsinka jini. Wanda aka saka wa bawul na ƙarfe zai sha wafarin har ƙarshen rayuwarsa, haka ma wasu masu aikin Fontan. Maganin nan kamar gishiri ne a miya. In ya yi kaɗan jini ya daskare a kan bawul, ya toshe shi ko ya haifar da shanyewar ɓarin jiki. In ya yi yawa jini ya ɓalle. Gwajin jini na lokaci-lokaci ne kawai ke nuna inda ake, kuma wasu magungunan asibiti da jiƙe-jiƙen gargajiya suna sauya ƙarfinsa. Ku gaya mini, ɗan Yako ko Dansoshiya da aka ce ya riƙa wannan gwajin duk wata, a ina zai yi?

Na uku, kuma wanda ya fi damuna, 'yan mata. Juna biyu yana ƙara yawan jinin mace da kusan rabi, zuciya ta yi ta aikin mutum biyu wata tara, sannan ga naƙuda. Mata da yawa da aka yi wa gyara mai kyau suna haihuwa lafiya in likitan zuciya da na haihuwa suna tare da su tun farko. Wasu sai an sauya musu magani, domin wafarin yana iya cutar da ɗan tayi a watannin farko. Wasu kuma, musamman masu hawan jinin huhu, ciki barazana ce kai tsaye ga rayuwarsu. Amma me muke yi? Uwa ta ce kada a faɗa wa dangin miji don kada a fasa. A ɓoye tabon, a ɗaura aure, yarinya ta yi ciki, ta zo haihuwa a ɗaki a hannun ungozomar da ba ta san komai a kan tarihin ba. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, saboda mun yarda cewa sikila da ciwon hanta da ƙanjamau ba abin ɓoyewa ba ne. Wannan ma haka ne. A kai yarinya likitan zuciya ya duba ta kafin a sa rana, a zaunar da mijin a yi masa bayani. Namijin da zai gudu saboda tabon tiyata, gara ya gudu tun kafin a kai lefe.

Na huɗu, lokacin da yaro ya girma. Likitan yara ya san shi tun yana goye, amma wata rana zai wuce shekarun asibitin yara. A daidai lokacin ne kuma yake barin gaban iyaye, ya tafi makarantar kwana, ko karatun allo a wani gari, ko ci-rani Abuja da Legas. Ko a Turai da Amurka an san nan ne ake yawan ɓacewar marasa lafiya, shi ya sa suka buɗe sashe na musamman na manyan da aka haifa da tawayar zuciya. Saurayi ɗan shekara 17 ya kamata ya iya faɗin sunan ciwonsa da sunan aikin da aka yi masa da bakinsa, ba sai an kira mahaifiyarsa a waya ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce Malam, muna fama da maleriya da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa, wa yake ta ciwon da ya shafi tsiraru? Gaskiya ne waɗancan sun fi kashe mutane, kuma ban ce a ɗebe kuɗinsu ba. Amma kuɗi mai yawan an riga an kashe shi. Miliyoyin sun tafi wajen tiyata. Abin da ya rage shi ne hoton zuciya sau ɗaya ko biyu a shekara, da kuɗin mota, da magani. Ka gina gida na miliyoyi, ka ƙi sayen kwano ɗaya na toshe yoyo, wannan ba tattali ba ne.

Wani zai ce irin wannan magana za ta kashe wa masu taimako gwiwa, su ce ashe ma ba warkewa ake yi ba. Ni ina ganin akasin haka. Mutumin da ya ba da dubu biyar, in bayan shekara shida aka nuna masa yarinyar ta gama firamare, gobe da gudu zai sake bayarwa. Abin da ke kashe gwiwa shi ne shiru, sai daga baya a ji a bakin wani cewa yaron ya rasu tuntuni.

Wani kuma zai ce rai da ajali na Allah ne. Haka yake, babu mai ja. Amma da wannan imanin ne muka haɗa kuɗin jirgi muka kai yaro Indiya. Wanda ya yarda a yi sababi a kai shi Indiya, ba shi da hujjar ƙin kai shi Kano.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan hali, don kullum muna ganinsa a takarda. Kuɗin gina sabon abu yana fita da sauƙi, domin akwai yanke kirtani da hoto. Kuɗin kula da abin da aka gina shi ne maraya. Ku ƙirga rijiyoyin burtsatse nawa ne a ƙauyukanmu aka buɗe da kaɗe-kaɗe, yau sun zama wurin ɗaure awaki saboda wani ɗan ƙarfe da ya lalace. Ƙasar ma haka take. A ranar 1 ga Fabrairu 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yakub ɗan asalin Masar. Sama da shekara 50 ke nan. Ba mu makara wajen farawa ba, ɗorewa ce ta gagare mu, ana yi ana tsayawa. Shi ya sa har yau muke dogaro da Indiya, da gidauniyoyi irin wadda Kanu ya kafa a 2000, da cibiyar Salam ta Khartum da aka buɗe a 2007 tana aiki kyauta, wadda ita ma yaƙin Sudan na 2023 ya sa zuwa can ya yi wuya. Ga Naira da ta tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500 a dala ɗaya cikin 2023 da 2024. Komawa waje don a duba yaro ya fi ƙarfin kusan kowa. Dole bibiyar ta zama a gida.

To me za a yi? Ga abin da nake gani, kowa da nasa.

Masu haɗa gudummawa, tun ranar farko ku tambayi likita: wannan aikin shi ne na ƙarshe ko akwai wani a gaba? Sau nawa za a riƙa duba shi? Wane magani zai ci gaba da sha? Ku saka kuɗin bibiya na aƙalla shekara biyar a cikin abin da kuke nema, ku ware shi a hannun amintattu biyu ko uku, kada a miƙa shi gaba ɗaya ranar dawowa, don buƙatun gida za su cinye shi. Duk shekara, da izinin iyaye, ku dawo ku gaya wa jama'a halin da ake ciki.

Iyaye, takardar sallama da rahoton tiyata ku riƙe su kamar takardar gona. Ku yi kwafi uku, ku saka a leda, ku ɗauki hotonsu a waya ku tura wa ɗan uwa mai ilimi. Ku sa a rubuta muku sunan ciwon da sunan aikin a ƙaramin kati, yaro ya riƙa yawo da shi. Ranar ganin likita ku je ko da yaro ya fi kowa lafiya a gidan. Ku kula da haƙoransa. Wanzami kuma ya tsaya a aski.

Gwamnatin jiha, a buɗe rajistar duk yaron da aka yi wa aikin zuciya, a gida ko a waje, da unguwarsu da lambar waya. Kada a ce ba zai yiwu ba. A jihar nan aka bi gida-gida, ruga-ruga, ana ɗiga wa yara maganin shan inna ana shafa musu alama a yatsa, har aka wanke Najeriya daga cutar a watan Agustan 2020. Masu tarin fuka in suka daina zuwa karɓar magani, ana bin su har gida. Waɗanda nake magana a kansu ba su kai yawan waɗancan ba ko kusa. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda mu ma'aikata ake cirar mana kuɗinta duk wata, ta duba yadda za ta ɗauki nauyin hoton zuciya da gwajin jini na waɗannan yara ko da iyayensu ba ma'aikata ba ne. Sannan akwai na'urar eko ta tafi-da-gidanka da likita zai iya ɗauka a jaka. In sau ɗaya a wata uku likitan zuciya zai sauka a babban asibitin Tudun Wada, wani zagayen ya sauka a ɓangaren Kiru da Bebeji, an rage wa iyaye rabin wahala. Kuma a saka ɗan abin nan na auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, wanda muka sani lokacin korona, irin na jarirai, a kowane ɗakin haihuwa, don a riƙa gano masu tsanani tun kafin a sallami mai jego.

'Yan majalisarmu na Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa, da sanatan Kano ta Kudu, wannan aiki ne da kuɗinsa bai kai na kwalbati biyu ba, kuma ladarsa tana gudana. Malamanmu da masu unguwanni, ku taimaka da maganar aure, domin bakinku ake ji.

Ku kuma da kuka karanta har nan, roƙona ɗaya ne. In kun san gidan da aka taɓa yi wa ɗansu ko 'yarsu aikin zuciya, a makon nan ku kira ko ku taka ku je. Ku tambaye su abu uku: ina takardun, yaushe aka yi hoton zuciya na ƙarshe, yaushe ne na gaba? In amsar ita ce an daɗe, ku taimaka da kuɗin mota, ko ku raka su da kanku. Masu aikin lafiya da ke cikinmu, ku ƙara mana haske a kan inda ake gwajin jinin nan mafi kusa da yankinmu, don mutane su amfana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda ya ga da amfani ya tura wa wani.